Yadda Waƙar Jerusalema Ta Zama Rawar Duniya: Amsa Ga Wani Mawaƙi Mai Tasowa

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni matashi ne mai sha'awar waƙa, kuma na fara shiga situdiyo. Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne waƙar nan ta Afirka ta Kudu, Jerusalema. Na ga 'yan sandan Turai da ma'aikatan asibiti da ma'aikatan jirgin sama suna taka rawarta, alhali ko kalma ɗaya ba sa ji a cikinta. Yaya aka yi haka ta faru? Kuɗi mai waƙar ya kashe aka tallata masa ita, ko kuwa sa'a ce kawai? Idan kuma dabara ce, mu ma za mu iya bin ta?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, na gode da wannan tambaya, domin ta taɓo abin da mu masu aikin situdiyo muka sha tattaunawa a tsakaninmu tun shekarar 2020. Idan na fahimce ka daidai, kana son sanin hanyar da waƙar ta bi daga Afirka ta Kudu har ta isa harabar asibitoci da filayen jiragen sama na Turai, kana son sanin ko kuɗi ne ya share mata hanyar, sannan kana tambaya ko akwai abin da mawaƙi mai tasowa zai ɗauka ya yi aiki da shi. Na yi shekara goma sha biyu ina haɗa kiɗa da tace muryoyi, na kuma shiga cikin shirya gasar rawa don tallata waƙa, saboda haka zan amsa maka da abin da ya tabbata na tarihin waƙar, in haɗa da abin da na gani da idona a wurin aiki. Matsayina tun daga farko shi ne, mai waƙar ya yi waƙa mai kyau ƙwarai, amma waɗanda suka mayar da ita rawar duniya wasu mutane ne a wata ƙasa daban waɗanda bai aike su ba, kuma abin da suka miƙa wa duniya shi ne wata hanya mai sauƙi da kowane taron mutane zai bi ya nuna kansa.

Asalin waƙar

Mai kiɗan, Kgaogelo Moagi, wanda aka fi sani da Master KG, ɗan lardin Limpopo ne a arewacin Afirka ta Kudu, kuma kafin wannan waƙar ya riga ya yi suna a ƙasarsa da maƙwabtanta da wata waƙa mai suna Skeleton Move ta shekarar 2018. Muryar da kake ji kuwa ta Nomcebo Zikode ce, 'yar lardin KwaZulu-Natal, wadda ta shafe shekaru tana yi wa wasu mawaƙa amshi ba tare da nata sunan ya fito ba. An saki waƙar a ƙarshen watan Nuwamban 2019, bidiyonta ya biyo baya a watan Disamba, wato daidai lokacin zafi da hutun ƙarshen shekara a can, sa'adda bukukuwa ke yawaita kuma waƙar da ta dace take zama ruwan dare a motocin haya da wuraren taro.

Baitocinta cikin harshen Zulu suke, kuma addu'a ce. Mai rerawar tana cewa Jerusalema, wato Birnin Ƙudus, ne gidanta, nan ba wurin zamanta ba ne, tana roƙon a kiyaye ta, a tafi da ita, kada a bar ta a nan. Ƙudus ɗin da take nufi shi ne na fahimtar Kiristoci, wato gidan ƙarshe na masu imani. Nomcebo ta faɗa a hirarraki cewa a lokacin da ta rera ta tana cikin ƙunci, ta kusa fid da rai da sana'ar baki ɗaya, kuma wanda ya saba sauraron muryoyi a situdiyo zai ji alamar hakan a yadda take jan kalmomin. Abin da nake so ka riƙe a nan shi ne, waƙar ta yi tashe a gida tun kafin a ƙirƙiro mata rawa, kuma takun da duniya ta sani daga baya ba daga bidiyon mai waƙar ya fito ba.

Faranti a hannu

A watan Fabrairun 2020 wasu matasa 'yan ƙasar Angola, masu ƙungiyar rawa da ake kira Fenómenos do Semba, suka ɗauki kansu a bidiyo a wani tsakar gida. Babu dandamali, babu fitilu, babu kayan ado na musamman. Kowannensu yana riƙe da farantin abinci, suna ci suna taka rawa a jere, ƙafafunsu suna tafiya tare kamar an auna, farantan kuma ba su karkata ba. Na kalli wannan bidiyo sau da yawa ina neman abin da ya sa ya kama mutane, kuma abin da na fi lura da shi shi ne fuskokinsu. Ba su nuna alamar suna wani aiki mai wuya ba. Ɗaya zai kai loma baki yana cikin taku, ɗaya ya dubi ɗan'uwansa ya yi murmushi, sai ka ji kamar ka leƙa gidan maƙwabta ne ka tarar da su cikin raha. Mai kallo yana ganin gwaninta, amma a lokaci guda zuciyarsa tana raya masa cewa shi ma da 'yan gidansu za su iya. Haɗuwar waɗannan abubuwa biyu a bidiyo ɗaya ba ta cika faruwa ba, domin galibi idan rawa ta burge sai ta tsoratar, idan kuma ta yi sauƙi sai ta rasa armashi.

Kasancewar a Angola aka yi shi yana da tasiri a hanyar da ya bi. Mutanen Angola da harshen Fotugal suke magana, suna da 'yan'uwa da yawa a Fotugal, saboda haka bidiyon ya samu ƙofar shiga Turai wadda waƙar Zulu ita kaɗai ba ta da ita. Daga nan makarantun koyon rawa suka ɗauka, aka fara fitar da bidiyoyin koyar da takun dalla-dalla, rawar ta bazu zuwa Italiya da Sifen da Faransa da sauransu. Abin lura shi ne, ta zaga ta dawo Afirka ta Kudu a matsayin baƙuwa, 'yan ƙasar mai waƙar suka koyi takun daga waje, ko da yake irin wannan rawar ta jeri ba sabuwa ba ce a bukukuwan aurensu.

Abin da ke cikin kiɗan da takun

A nan ne sana'ata ta fi ba ni damar magana. Kiɗan yana tafiya ne da bugu kusan 124 a minti ɗaya, wato kimanin bugu biyu a kowace daƙiƙa, kuma wannan bai wuce saurin mutumin da ke tafiya da hanzari ba. Tsoho zai iya binsa, yaro ma zai iya. Babbar ganga mai kaurin sauti tana sauka a kan kowane bugu ba tare da ɓoyewa ba, kuma ba ta sauya salo daga farko har ƙarshe, ta yadda wanda bai taɓa rawa ba zai san inda zai ajiye ƙafarsa. Mu masu haɗa kiɗa muna da ɗabi'ar son nuna ƙwarewa, mu tsayar da ganga a nan, mu karya ta a can, mu cusa sauti goma inda uku za su wadatar. Master KG ya bar fili a cikin kiɗansa, kuma a cikin wannan filin ne ƙafafun mutane suka samu wurin shiga.

Takun kansa ƙidaya ce ta huɗu-huɗu. Ana miƙa ƙafa ɗaya gaba a buga ta sau huɗu, a sauya ɗayar ita ma sau huɗu, sannan a riƙa musanya su da sauri, a yi 'yan taku gaba da gefe da baya, a juya a fuskanci wani ɓangare, sai a sake ɗaukowa daga farko. Wanda ya koyi zagaye ɗaya ya koyi rawar gaba ɗaya, kuma wanda ya ɓata zai dubi na gabansa ya gyara ba tare da an lura ba. Duk aikin a ƙafa yake, hannuwa a sake suke. Wannan shi ya ba matasan Angola damar riƙe faranti, shi kuma ya ba waɗanda suka biyo baya damar riƙe abin da ke nuna ko su wane ne, ma'aikacin kashe gobara da hularsa, mai dafa abinci da ludayinsa, ma'aikaciyar jirgi da jakarta. Haka kuma babu rungumar juna a ciki, babu motsin da zai sa dattijo ko malamin addini ya ji kunya, shi ya sa aka ga limaman coci da mata masu zaman zuhudu sun fito sun yi ta cikin tufafinsu na ibada.

Game da harshen da ka ce ba sa ji, ina ganin rashin jin ya taimaka. Wanda bai san ma'anar baitocin ba yana jin murya mai roƙo a kan kiɗa mai daɗi, sai ya zuba nasa damuwar a ciki. Sannan akwai kalma ɗaya da kowa ya gane, wato sunan birnin, wanda Kirista da Bayahude da Musulmi duk suna girmama shi, kuma da ita waƙar take buɗewa. Wannan yana da amfani na zahiri, domin wanda ya ji ta a bidiyon wani yana da kalmar da zai rubuta ya nemo ta. Waɗanda ba su kama kalmar ba kuwa sun ɗaga wayoyinsu, har a watan Satumban 2020 ta zama waƙar da aka fi nema a duniya a manhajar Shazam, wadda ake kunna wa sauti ta faɗi sunan waƙa.

Lokacin da ta faɗo

Duk abin da na lissafa a sama yana cikin waƙoƙi da dama da ba su je ko'ina ba. Abin da ya bambanta wannan shi ne lokacin da ta zo. Bidiyon Angola ya fito a Fabrairu, a ranar 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya, kafin ƙarshen watan kuma ƙasashe da yawa, har da Afirka ta Kudu, sun shiga dokar kulle. An rufe gidajen rawa da filayen wasa da wuraren ibada, an hana musabaha, an ce kowa ya ba ɗan'uwansa tazara. A irin wannan hali sai ga rawar da ake yi a jere, kowa da tazararsa, ba a taɓa juna, amma ana motsi tare. Da a ce wani ya zauna ya tsara rawa musamman domin dokokin korona, da wuya ya fito da abin da ya fi wannan dacewa, alhali waɗanda suka ƙirƙiro ta ba su san abin da ke tafe ba.

Waɗanda suka fi rungumar ta su ne ma'aikatan asibiti, kuma ban ɗauki wannan da wasa ba. Mutanen da suke wuni cikin takunkumi da rigunan kariya, suna ganin mutuwa kullum, iyalansu suna tsoron kusantar su, sun fito harabar asibiti sun jeru sun yi taku ɗaya na 'yan mintuna. Bidiyon da suka saka saƙo ne ga mutanen garinsu cewa muna nan, ba mu karaya ba. Idan asibitin wani gari ya yi, na maƙwabta sai ya ga ai shi ma yana da ma'aikata da haraba. Daga nan abin ya koma na ma'aikatu: kamfanonin jiragen sama da jiragensu ke ajiye ba aiki, masu kashe gobara, makarantu, otal-otal, 'yan sanda. Kowa yana yin taku iri ɗaya, amma abin da ake kallo a kowane bidiyo shi ne wurin da kayan aikin da fuskokin, wasu har da ƙaramin jirgi mai kyamara suke ɗaukar jerin daga sama. A farkon 2021 'yan sandan wani yanki na Suwizalan suka yi tasu, aka ƙalubalanci 'yan sandan Ayalan, su ma suka mayar da martani da nasu bidiyon. Ka ga a wannan matakin waƙar ta zama abin hawa, kowace ma'aikata tana ɗora nata kayan a kai.

Wannan ne ma ya bambanta ta da yawancin raye-rayen TikTok, waɗanda mutum ɗaya ke yi a gaban waya cikin daƙiƙa goma sha biyar. Ita wannan ta taro ce, tana bukatar a kira mutane, a yi gwaji, a sa rana, kuma bidiyoyinta sun yawata sosai a YouTube da Facebook da WhatsApp, inda iyaye da kakanni suke. Abin da aka sha wahalar shiryawa kuwa ba a saurin mantawa da shi, kuma kowane mutum ɗaya da ke cikin jerin zai tura wa danginsa su gan shi. Kwatanta da Harlem Shake, kiɗan da Baauer, wani mai haɗa kiɗa ɗan Amurka, ya saki a 2012 wanda ya zama yayi a Fabrairun 2013: bidiyo ne na daƙiƙa talatin, mutum ɗaya yana rawa shi kaɗai, sai a yanke hoto kowa ya haukace. Ya kai matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka har mako biyar, amma da yake abin dariya ne mai fuska ɗaya, da aka gan shi sau ashirin sai ya gundura. Jerusalema ta ɗauki fiye da shekara tana zagayawa.

Batun kuɗi da talla

Yanzu ga tambayarka ta kai tsaye. An kashe kuɗi kuma an yi dabara, amma bayan wutar ta riga ta kama. A watan Yunin 2020 aka fitar da sabon zubin waƙar tare da Burna Boy na Najeriya, wanda ya buɗe mata kasuwar Afirka ta Yamma da gidajen rediyon da suka riga suka san sunansa, daga baya kuma aka yi wani zubin da mawaƙan Latin Amurka. Kamfanin Warner Music ya shiga harkar rarraba ta a ƙasashen waje. Ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin waƙoƙi a Beljiyam da Holan da Romaniya da Suwizalan. A watan Satumba shugaban Afirka ta Kudu, Cyril Ramaphosa, ya yi kira ga 'yan ƙasar a jawabinsa da su taka rawar a Ranar Al'adun Gargajiya, wato 24 ga watan, kuma a watan Nuwamba Master KG ya karɓi kyautar MTV ta Turai ta gwarzon mawaƙin Afirka. Bidiyon waƙar a YouTube ya haura kallo miliyan 500. Idan ka jera waɗannan a kan kalanda za ka ga dukkansu sun biyo bayan farantan Angola ne da watanni. Aikin da masu waƙar suka yi, kuma sun yi shi da kyau, shi ne sun gane abin da ke faruwa da wuri, suka rungumi rawar da ba su suka ƙirƙira ba, suka riƙa ƙara wa wutar itace duk lokacin da ta fara lafawa.

Wa ya ci moriyar

Wannan ɓangaren ne na fi so ka yi nazari a kai, tunda ka shigo sana'ar. A watan Fabrairun 2021 labari ya fito daga Jamus cewa Warner Music ya aika wa wasu hukumomi da kamfanonin da suka yi bidiyon rawar takardun neman kuɗin lasisi, kuma ma'aikatar cikin gida ta ɗaya daga cikin jihohin ƙasar ta tabbatar da cewa ta biya saboda bidiyoyin 'yan sandanta. Mutane da yawa sun ji haushi, suna ganin ai su ne suka tallata waƙar kyauta. Ta fuskar ƙa'idar sana'a kuwa, akwai bambanci tsakanin mutumin da ya yi rawa a ɗakinsa da ma'aikatar da ta ɗora waƙar wani a kan bidiyon da ke ɗauke da tambarinta yana gyara mata suna, domin na biyun yana bukatar izinin masu haƙƙin mallaka. Ina ganin neman kuɗi daga kamfanin kasuwanci daidai ne, amma da ni ne da na ɗaga wa asibitoci ƙafa.

A watan Yulin 2021 kuma Nomcebo ta fito fili ta ce ba a biya ta haƙƙinta na waƙar ba, kamfanin da ya fitar da waƙar tun farko ya mayar da martani da nasa bayanin, maganar ta koma hannun lauyoyi. Ni ba lauya ba ne, kuma hukunci a kan kwangilar wasu ba hurumina ba ne. Abin da ya shafe ka shi ne, waƙar da ta zaga duniya ta iya barin mai muryarta tana ƙorafi a bainar jama'a, kuma irin wannan saɓanin kusan kullum yana samo asali ne daga ranar da aka yi aiki cikin zumunci ba a rubuta komai ba. Ita dai Allah ya ɗaukaka ta daga baya, domin a 2023 ta samu kyautar Grammy da wata waƙar daban tare da wasu abokan aiki biyu.

Masu ƙirƙirar rawa kuwa su ne suka fi zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk lokacin da aka kunna waƙa akwai hanyar da kuɗi ke bi ya koma wa mai ita, amma idan mutum miliyan suka yi takun da ka ƙirƙira babu irin wannan hanyar, kuma ko a Amurka ofishin haƙƙin mallaka ba ya rajistar gajerun taku da raye-rayen jama'a. Yarinyar nan Jalaiah Harmon ta yankin Atlanta tana da shekara 14 ta ƙirƙiro rawar Renegade a 2019, waɗanda suka fi ta mabiya suka kwaikwaya suka yi suna da ita, sai a Fabrairun 2020 aka san ita ce mai ita bayan wata jarida ta bi diddigi. Matasan Angola sun samu suna da gayyata, amma ka tambayi mutum goma da suka taka wannan rawar su faɗa maka sunan ƙungiyar, ka ga nawa za su iya.

Ko za a iya shirya irin wannan da gangan

Zan ba ka abin da ya faru a hannuna. Wani mawaƙi da nake yi wa aiki ya taɓa ware kuɗi domin gasar rawa. Muka zaɓi amshin waƙar, muka ɗauko ƙwararren mai rawa ya tsara taku, aka sa kyautar kuɗi ga mutum uku na farko. Takun ya yi kyau a ido, amma yana da juyi da durƙuso da tsalle, kuma na tuna ranar da muka gwada shi a harabar situdiyo, yaron da ke kawo mana shayi ya tsaya da tirensa yana kallo, da muka ce ya gwada sai ya girgiza kai ya ce wannan ai sai ku. Wannan maganar ita ce sakamakon gasar tun kafin a fara ta, amma a lokacin ba mu ba ta muhimmanci ba. Waɗanda suka shiga duk masu rawa ne da ma, sun yi don kyautar, kuma ranar da aka raba kuɗin ranar bidiyoyin suka tsaya. Wata waƙar kuma da ba mu yi wa wani shiri ba, sai muka ga ɗaliban da ke bikin kammala makaranta sun yanko wani ɗan wuri a baiti na biyu, inda kiɗan ya yi sanyi ganga ta rage ita kaɗai, suna jeruwa suna wucewa ɗaya bayan ɗaya a gaban kyamara. Wurin da ni da mawaƙin muka kusa cirewa saboda muna ganin ya yi fayau, shi suka zaɓa.

A ƙasar Hausa ma an ga irin haka a shekarar 2020 ɗin nan, sa'adda matan aure suka riƙa saka bidiyon kansu suna yi wa mazajensu rawa da waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker. Mutane ne suka samar wa waƙar wani amfani a cikin gidajensu lokacin kulle, kuma ka san muhawarar da ta biyo baya a kan dacewar fitar da irin wannan bidiyo waje. Na kawo wannan ne domin ka lura cewa rawar da za ta yaɗu a cikin al'umma sai ta yi la'akari da abin da al'ummar ke kunya. Inda wani ya yi rawa aka ba shi kuɗi, wani in ya yi duka zai sha. Takun Jerusalema ya ratsa coci da bariki da asibiti ne saboda babu wanda zai rasa mutuncinsa don an gan shi a ciki.

Saboda haka akwai abin da ke hannunka, akwai wanda ba ya hannunka. Kana iya yin kiɗan da ƙafa za ta gane ba tare da an yi mata bayani ba, ka bar fili a cikinsa, ka sa kalma ɗaya mai kama kunne wadda za a iya rubutawa a nemo ka da ita. Kana iya tabbatar da cewa waƙarka tana kan manhajojin da mutane ke ɗaukar sauti, da sunanka a rubuce daidai, domin na ga waƙar da ta yi tashe a ƙarƙashin sunan wanda ya fara ɗora ta, mai ita yana gefe ba a san shi ba. Idan za ka sa a tsara taku, ka gwada shi a kan wanda ba ya rawa, kuma idan bai kama shi a gwaji na uku ba ka rage. Idan kuma wasu suka ƙirƙiro nasu wanda ya fi naka karɓuwa, ka bar naka ka bi nasu, ka ambaci sunansu a duk inda ka saka, ka neme su ka sa su a bidiyo, ka biya su. Abin da ba ya hannunka shi ne halin da mutane za su kasance a ciki ranar da waƙarka ta iso gare su, kuma duk wanda ya karɓi kuɗinka da alkawarin zai sa waƙarka ta zama gasar rawa ya sayar maka da abin da bai mallaka ba. Iyakar abin da mai talla zai iya shi ne ya kai ta gaban idanu masu yawa. A shekara goma sha biyu ban taɓa iya nuna waƙa tun tana situdiyo in ce wannan ce za ta tashi, kuma abin ya tabbata yadda na faɗa daidai ba.

Abu ɗaya da zan roƙe ka ka yi tun a waƙarka ta gaba shi ne, kafin kowa ya bar situdiyo a ranar da aka gama aiki, ku ɗauki takarda ku rubuta sunan wanda ya yi kiɗa, da wanda ya rubuta baitoci, da wanda ya rera, da wanda ya yi amshi, da kason kowa a cikin ɗari, kowa ya sa hannu ya ɗauki hotonta a wayarsa. A situdiyona yanzu ba na miƙa wa kowa waƙar da aka kammala sai an cike wannan takardar, ko da kuwa masu aikin wa da ƙani ne.